Kawu, Wanda Ya Ƙi Formate

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a gidansa da ke Goudel. Bayan la'asar aka kai shi. Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya.

Kwana ukun makoki na yi su ne a ɗakin da tagarsa ke kallon rumfar maza, saboda haka duk abin da aka faɗa a can ya shigo kunnena. Maƙwabtansa Zabarmawa masu lambu a bakin kogi su suka fara zuwa, suna "fonda tilas", gaisuwar ta'aziyya da harshensu, wasunsu da ɗaurin salati da kabeji a hannu, har aka rasa inda za a ajiye. Sai tsofaffin abokan aikinsa na gidan radiyo, waɗanda ba su cika minti goma a zaune ba suka kama gardamar shekarar da ya baro Damagaram. Teloli da direbobin kasuwar Katako kuwa mota guda suka cika. Ɗaya daga cikin direbobin ya zaro wayarsa ya kunna wa na kusa da shi muryar wata tsohuwa tana sa albarka, yana cewa, "Uwata ce wannan. Shekara ashirin da rasuwarta, tsohon nan ne ya fiddo mini ita daga kaset." Sai da liman ya yi gyaran murya sannan ya kashe.

Wani mai studiyo, ƙato da shi, ya ce, "To, yanzu sai mu yi ta formate muna shafe injinanmu son ranmu, ba mai zaginmu." Aka yi dariya. Shi bai kai ƙarshen tasa dariyar ba ya cire hula ya rufe fuska. Wata daga cikin matan ɗakinmu ta ce wannan wane irin makoki ne da dariya. Matar Kawu ta ce a bar su, da yana nan da shi za a yi.

Kowa ya faɗi nasa, ni ban faɗi nawa ba, don nawa da kunya a ciki. Shi ya sa na zauna in rubuta, tun kafin in fara gyara labarin a raina yadda zan fito da gaskiya.

Mahaifina ya tafi ci-rani Abijan ya bar mu a gida, can ya rasu ina da shekara biyu. Inna ta dawo gidan yayanta da ni a goye, a nan na girma. Kawu ne ya riƙa kai ni lakwal, makarantar boko, a bayan ɗan babur ɗinsa mobilet, shi ya riƙa duba karatuna, shi ya ba da aurena. Ban taɓa kiran sa Baba ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Aikinsa sauti ne. Ya fara tun lokacin da ake yanka zaren faifai da reza a liƙa, kuma da ordinater, wato kwamfuta, ta shigo gidan radiyo gemunsa ya riga ya yi fari. Abokansa suka ce tasu ta ƙare. Shi kuwa ya jawo kujera ya zauna kusa da ita da kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, yana tambayar yaran da ya isa ya haifa, har ya zama idan ta rikice shi ake nema. Da ya huta daga aiki sai ya gyara ɗakin zaure, ya sa tsohuwar ordinater, da injin kaset mai kyau, da wani ƙaramin akwatin sauti da ke haɗa su biyun. Mutanenmu da suka yi zaman Abijan da Kumasi da Libiya a da ba takarda suke aikowa gida ba, kaset suke cikawa da magana su ba mai zuwa. Irin waɗannan wasiƙun ake kawo wa Kawu, ya juye su cikin ordinater, ya sa wa mutum a waya. Masu studiyo da ƙananan gidajen radiyo kuma suna kawo masa injinansu idan suka fara faɗuwa, wato ana tsakiyar ɗaukar murya sai ekran, fuskar injin, ya koma shuɗi, komai ya tsaya, aikin ya salwanta.

Tambayoyinsa uku ne, ba ya sauya su. Yaushe ta fara? Mi kake yi sa'ad da ta faɗi? Mi aka sa mata sabo? In ka ce ba ka sani ba, sai ya miƙo maka fallen takarda ya ce ka je ka sani ka dawo. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Yau wayar haɗi zai sauya, ya gwada, ya rubuta. Gobe ramin da ake cusa ta zai sauya wa wayar, ya gwada, ya rubuta. Ya kan ce, "In ka sha magani biyar ka warke, wanne za ka gode wa?" Kalmar da ya fi ƙi a duniya ita ce formate, wato a shafe duk abin da ke cikin ordinater a sake zuba mata sistem, tsarin da take aiki da shi, daga farko. A wurinsa wannan ƙona rumbu ne don a kashe ɓera, kuma ɓeran ma ba a tabbatar ya mutu ba.

Na taɓa tarar da shi da wannan ƙaton mai studiyo. Injinsa na faɗuwa duk sanda ya buɗe lojisiyel, wato manhajar da yake haɗa waƙa da ita. Kawu ya kwashe duk ƙananan kayan gyaran murya da mutumin ya cusa a ciki, sun fi arba'in, yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗewa yana rufewa.

Mutumin ya ce, "Baba, formate awa biyu ne. Wannan kwana biyu ke nan."

Kawu ya ce, "Gaskiyarka. In ka gama formate ɗin, mi za ka zuba mata?"

"Kayana mana."

"Har da wanda ke kayar da ita. To ka ga Juma'a kana nan. Zauna ka sha shayi."

A na talatin da wani abu ta faɗi. Kawu ya cire shi ta tashi, ya mayar ta faɗi, ya sake cirewa. Sai da ya yi haka sau uku. Dokarsa ce wannan: cutar da ba ka iya kiranta ta zo, ba ka da bakin cewa ka kore ta.

Wata ɗabi'arsa kuma, ba ya sauraron wasiƙar mutane. Zai sa kask, abin jin sauti, a kunne ya ji sallamar farko, ya daidaita ƙarfin murya, sannan ya cire ya rataye a ƙusa, ya zauna yana kallon allurar injin tana rawa har zaren ya ƙare. Na ce masa wa zai sani in ya ji? Ya ce ai shi ba don wani ya sani yake bari ba, ba shi aka aiko wa ba. A shekarun ƙarshe ma idon ne ke masa yawancin aikin, don kunnensa na hagu ya mutu, na dama yana bin sahu. Ba ya son a faɗa. In ka yi masa magana daga baya sai ya ce "to", ko mi ka ce. Matarsa ta ce da ta so, da tuni ta sa ya amince ya sayar da gidan.

Farkon bazarar bara muka ɗauke Inna zuwa gidanmu na Koira Kano, saboda hawan jini ya taɓa mata gefe ɗaya. Muna kwashe kayanta na ga kaset a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon kallabi. Inna ta ba ni labarinsa. Mahaifina ne ya cika shi ya ba wani mai zuwa gida, mutumin ya tsaya fatauci a hanya, labarin rasuwar ya riga kaset ɗin isowa. Ba ta iya kunnawa ba a lokacin, daga baya kuma ta ji tsoro. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya ji abin da ke ciki. Ni kuwa ban san muryar mahaifina ba, hotonsa ɗaya kawai na sani.

Inna ta ce, "Kai wa Yaya. Amma tare za mu ji, ni da ke. Kada ki riga ni."

Na kai masa da tsakar rana, na koma biro wurin aiki. Da yamma ya kira ni ya ce ordinater ta faɗi bayan minti ashirin, abin da aka ɗauka duk ya tafi. Bai taɓa ganin ta yi haka ba. Ya duba wayoyi, ya yi gwaji da wani kaset washegari da safe, lafiya lau. Ranar Asabar da yamma muka sake, ina zaune. Ya miƙo mini kask, na ce na yi wa Inna alkawari. Allura tana rawa, ina kallon ta kamar zan gane magana a jikinta. Mun kusa rabin awa ekran ya koma shuɗi.

Kawu ya tsayar da injin, ya fiddo kaset ɗin, ya goga auduga a kan bakin ƙarfen da zaren ke bi. Audugar ta fito da jan gari kamar an shafa ƙasa. Ya nuna mini.

"Kin ga wannan? Muryar ce ke zubewa. Zaren ya tsufa, duk wucewa ɗaya yana barin wani abu a nan. In mun yi sa'a, saura mana wucewa ɗaya mai kyau. Ba zan sake sa shi ba sai na san abin da ke kayar da ita."

Ya sa kaset ɗin cikin gwangwanin madara ya rufe. Sannan ya yi mini tambayarsa ta uku: "Ɗiyata, ke ce ke taɓa injin nan in kin zo. An sa mata wani abu sabo?"

Na ce a'a, har da rantsuwa.

Daga nan aka shiga abin da ya kusa raba ni da shi. Ekran ɗin shuɗi yana rubuta sunan abin da ya faɗi, kuma kullum suna ɗaya ne, pilot ɗin akwatin sauti. Kawu ya yi mini bayani cewa pilot kamar tafinta yake tsakanin sistem da akwatin, in tafinta ya ruɗe a tsakiyar magana, sistem gaba ɗaya ke tsayawa. Ya ce, "Na san wanda ya faɗi. Ban san wanda ya tura shi ba." Ya cire pilot ɗin ya sake sawa. Ya kwaso tsofaffin kaset na shirye-shiryen noma da ba mai so, ya riƙa juye su daga safe zuwa magariba don ta faɗi yana kallo. Wata rana ta faɗi sau ɗaya, wata rana sau biyu, wata rana ko gezau. Ya zargi zafi, ya sa mata fanka a ciki da waje. Ya zargi kuran, wutar lantarki, don lokacin ana yawan ɗaukewa, ya aro batir mai riƙe wuta. Ya sauya waya, ya sauya rami, ya zare abin ƙwaƙwalwarta ya goge ya mayar. Kowanne kwanansa daban, kowace faɗuwa kuma sai ya dubi agogo ya rubuta a kaye.

Maigidana, wanda shi ma da ordinater yake aiki, ya ce abu mai sauƙi ne, a formate. Ko a kawo tasa ta biro a haɗa. Ko ma a sa kaset ɗin a radiyo a kara waya. Na kai wa Kawu duka ukun. Ya ce radiyon kasuwa zai tauna zaren a minti biyar. Ta biro kuwa, in laifin a akwatin yake ko a waya, ita ma faɗuwa za ta yi, kuma da wucewar ƙarshe za a gane hakan. Da na zo kan formate kuwa, kayensa ya jawo ya ci gaba da rubutu.

Sati biyu da rabi ana haka sai jikin Inna ya tashi, muka kwana biyu a gidan likita. Bakinta ya ƙara karkacewa. Da aka sallame mu ban wuce ko'ina ba sai Goudel. Na tarar da shi yana juye shirin yadda ake dasa albasa, hankalinsa kwance, ga shayinsa a gefe. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, amma ranar na wuce iyakata. Na ce ƙanwarsa na can tana mutuwa shi yana nan yana wasa da kaye. Na ce zamani ya wuce shi ya ƙi yarda. Na ce, kuma da ƙarfi na faɗa don in tabbatar ya ji, mutumin da ba ya jin sallama ina zai ji ciwon inji?

Ya ji. Ya ajiye alƙalami, ya tashi ya ɗauko gwangwanin ya miƙo mini da hannu biyu.

"Na ubanki ne. Ke ke da iko da shi. Abu ɗaya nike roƙon ki, duk wanda za ki kai wa, ki tambaye shi in ya tauna mi zai yi."

Na karɓa na fita ban yi sallama ba. A gida Inna ta ga gwangwanin ta tambaya, na gaya mata rabin abin da ya faru. Maganarta ba ta fita sosai a lokacin, amma wannan ta fita.

"Mayar."

Na ce, "Inna, in kuma..."

"In na mutu ban ji ba, can zan same shi ya gaya mini da bakinsa. Ke ce ba ki da wani wurin ji. Mayar wa Yaya."

Na kwana biyu ina jan ƙafa. A na uku ya aiko matarsa ta kira ni, wai in zo kafin ƙarfe ɗaya saura kwata, kada in makara. Na zo da gwangwanin a jaka, na gaishe shi ina kallon ƙasa. Ya amsa kamar jiya muka rabu lafiya. Ya buɗe kayen ya nuna mini jerin lokutan da ya rubuta. Na farko-farko ƙarfe ɗaya da minti biyu. Bayan kwanaki ɗaya da minti ɗaya. Sannan ɗaya daidai. Na baya-bayan nan ɗaya saura minti uku. Na yamma ma haka, huɗu da wani abu, suna ja da baya sannu a hankali.

Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Zafi ba shi da agogo, kuran ba shi da agogo. Na yi ta tunanin mi ke matsawa da minti ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu. Ina alwala shekaranjiya na ga inuwar bango, na ce rana ce."

Ya ciro kalandar lokutan salla da ke rataye a bango ya ajiye kusa da kayen. Layi ya hau kan layi, azahar da la'asar. Bai gane da wuri ba ne saboda masallacin unguwa sai wajen biyu saura ake kiran azahar, kalanda kuwa shigar lokaci take bi. Ranakun da ba ta faɗi ba, ya duba, a daidai mintin yana sauya kaset ne ko kuran ya tafi.

Ya kunna ɗauka, ya ce in dubi agogo. Ɗaya saura minti huɗu ekran ya koma shuɗi.

Kafin ya ce komai na tuna. Sati biyu kafin a ga kaset ɗin, matarsa ta yi mini ƙorafin jam'i na wuce shi saboda ba ya jin ladan. Na zauna a injinsa na sa masa ɗan lojisiyel mai kiran salla idan lokaci ya yi. Na gaya masa, daga bayansa, ya ce "to". Kiran kuwa cikin kask ɗin da ke rataye a ƙusa yake fita, ba wanda ya taɓa jin sa. Da ya tambaye ni ko an sa wani abu sabo, wallahi bai zo mini a rai ba. A kaina abu sabo shi ne kayan aiki ko wasa, kiran salla ban lissafa shi cikin abin da ake tuhuma ba.

Na ce, "Kawu, ni ce."

Ya ce, "Na sani. Ranar da aka sa shi tana rubuce cikin injin, ranar da kika kawo mini kilishi ce."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce laifin ba nawa ba ne, ba kuma na kiran salla ba. Lojisiyel ɗin ɗauka yana riƙe akwatin shi kaɗai, mai kiran salla ya zo yana neman akwatin a daidai lokacin, pilot ɗin kuwa tsoho ne, ba ya iya yi wa mutum biyu tafinta a tare. Na ce to a goge shi. Ya ce a kan mi? Ya shiga ciki ya juya kiran zuwa ɗan lasifikar ordinater ɗin kanta, ya bar akwatin ga aikinsa, ya ƙure ƙarar. Ya ce, "Kin sa shi don in ji. To bari in ji."

Na zaro gwangwanin na ce bismilla. Ya ce a'a. Sai da ya bar injin yana ɗauka ya ratsa la'asar ɗin ranar, da azahar da la'asar na washegari, ba ta faɗi ba. Sannan ya mayar da kiran cikin akwatin da gangan, ta faɗi, ya sake fitar da shi. Na haƙura, don na riga na cinye rabona na magana. Ban taɓa jin ya gaya wa kowa wanda ya sa lojisiyel ɗin ba. Da maigidana ya tambaya, cewa ya yi wani rikici ne tsakanin pilot da agogo.

Ranar Alhamis da safe ya goge injin, ya yi bismilla, ya sa kaset ɗin. Ya ji sallama, ya rataye kask, muka zauna muna kallon allura. Minti arba'in da biyar, ya juya, wasu arba'in da biyar. Da zaren ya ƙare ya ajiye abin a wuri uku kafin ya yarda ya yi numfashi. Audugar da ya goga ta fito ja wur, ya ce wannan kaset ɗin ya gama aikinsa.

Ni da Inna muka ji a ɗakinta, ƙofa a rufe. Muryar siririya ce, mai sauri, irin tawa. Ashe a can na samo. Ana jin motoci a bayansa da wani yana sayar da burodi. Ya gai da kowa da sunansa, ya yi ƙorafin ruwan sama, ya ce ya sayi atamfa biyu, ya yi wa Inna wata tsokana da ta sa ta rufe baki da hannunta mai lafiya tana dariya hawaye na zuba. Ya yi tari sau da yawa, ya ce mura ce. Abin da ya ce mata da abin da ya ce mini namu ne, ba zan rubuta ba. Na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa.

Can ƙarshen gefe na biyu sai ya ce, "Wannan na Yaya ne, a kira shi ya ji."

Washegari na je Goudel da wayata. Na ce akwai saƙonsa a ciki. Ya ce ba ya sauraron wasiƙar mutane. Na ce wannan shi aka aiko wa, da sunansa. Ya ɗauko kask ya sa a kunnen dama, na kunna. Ya runtse ido, ya danna kask ɗin da tafin hannu. Na ƙara murya har ƙarshe. Ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya cire.

"Ina jin muryarsa, shi ne. Kalmomin ne ba su rabuwa. Faɗa mini."

Na matsa kusa da kunnensa na dama. Ina kunna jimla ɗaya, in tsayar, in faɗa da ƙarfi, da bakina.

"Yaya, ina gaisuwa da ban girma. Jikin nan ba na jin daɗinsa, ban gaya wa ƙanwarka ba. In Allah ya sa na dawo, to. In ban dawo ba, ga ɗiyar nan. Ka sa ta lakwal. Tana da kuka da taurin kai, na gani tun yanzu, ka yi haƙuri da ita. Kada ka bari ta ji ba ta da uba."

Na kai ƙarshe da ƙyar. Kawu ya naɗe wayar kask ɗin a hannu, a hankali, yadda yake yi kullum, ya rataye.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ya faɗi gaskiya kan taurin kan." Sannan ya juyo da kunnen dama wajena. "Sauran amanar fa? Ke za ki faɗa. An yi?"

Na ce, "An yi, Kawu."

"Ɗaga murya."

Na ɗaga, har matarsa ta leƙo daga tsakar gida ta ga ko faɗa muke yi kuma.

Wata goma ya ƙara bayan wannan. Inna tana nan da ranta, ita ke jan carbi tana yi masa addu'a da rabin baki. Ya Allah, ranar da za a tambaye shi amana, ga shaidata na riga na bayar da ƙarfi, ya kuma ji. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabari, ka haɗa shi da mahaifina su gaisa.